Shekarar da Citta Ta Tsiro a Gindin Mangwaro

Duk lokacin da na ji ƙanshin ɗanyar citta, ƙafafun kakana nake tunawa. Kada ka yi dariya tukuna, bari in gaya maka dalili.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Kafanchan zuwa Kwoi, kuma a can citta ce komai. Ita ce makaranta, ita ce ɗinkin Kirsimeti. Irin shuka ana tara shi a gindin mangwaro, a lulluɓe da ciyawa, a jira damina. Matsalar ita ce ruwan farko mayaudari ne. In ka yi gaggawa, ruwa ya ɗauke, irin ya bushe a ƙasa. In ka yi jinkiri, damina ta tafi ta bar ka.

Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, ya yi suna wajen sanin ranar shuka. Sai ya tsaya a ƙofar gida ya shaƙi iska, ya dubi duwatsu, ya gyaɗa kai. Muna ganinsa kamar annabi. Ashe maƙwabcinmu yake jira, wani dattijon ikilisiya. Ranar da Dattijo ya shuka, ranar shi ma zai shuka.

Wata shekara gwaggona ta haihu a Kafanchan, Kaka, matar Baba Tsoho, ta tafi yi mata wankan jego. Matar Dattijo kuma tana Godogodo tana jinyar yayarta. Sai ruwa ya sauko.

Da safe Baba Tsoho ya ce zai je gaisuwa. Suka haɗu da Dattijo a tsakiyar hanya, shi ma wai gaisuwa ya taho.

"Dattijo, yaya ka ga ruwan nan?"

"To, mun gode Allah. Kai yaya ka gan shi?"

"Mun gode Allah."

Bakinsu na godiya, idon kowa na kan ƙafar ɗan'uwansa, yana neman lakar gona. Ƙafafu huɗu fes, kamar na masu zuwa sujada. Kowa ya koma gida ya zauna.

Ruwa na biyu ya zo, na uku ya zo. Gari duk ya shuka, an rufe kunyoyi da ciyawa. Namu irin kuwa ya gaji da jira, ya fara tsiro ta cikin lulluɓinsa. Ranar Lahadi Dattijo ya yi doguwar addu'a Allah ya ba manoma hikima, ido ɗaya a buɗe yana leƙen bencinmu. Na gani, don ni ma nawa a buɗe yake.

Sai bayan mako uku Kaka ta dawo. Ko kayan kanta ba ta sauke ba, ta tsaya tana kallon gindin mangwaro.

"Maigida, me kake jira?"

"Ina nazari."

"Nazarin ƙafar Dattijo? Ai shi ma taka yake nazari."

A nan asiri ya tonu. Tun kafin a haifi babana, ita da matar Dattijo ne suke tsayar da rana bayan an tashi daga taron zumuntar mata a coci. Kowacce sai ta koma gida ta ce wa mijinta, ta ji maƙwabci gobe zai fita.

Baba Tsoho ya daɗe yana kallon duwatsunsa. Can ya ce, "Ai dama gobe na yi niyya."

Mun shuka, amma cittar shekarar ba ta fi yatsuna ba, kuma da tsohuwar riga na yi Kirsimeti. Haushin har yau bai gama fita ba.

Da na girma na tambayi Kaka yadda suke sanin ranar.

"Wa ya gaya miki mun sani? Yatsa muke cusawa a ƙasa. In da danshi har gindinsa, mu yi addu'a, mu ce gobe. Sau biyu mun yi kuskure, muka sha wuya. Kakanki ne kaɗai bai taɓa kuskure ba, tunda bai taɓa yanke komai ba."

Duk sun rasu yanzu, kuma Allah ya sani ina kewarsu. Ina koyarwa a Kafanchan, ina da 'yar gona a bayan gida. Wayata tana gaya mini wataƙila a yi ruwa, wataƙila ba za a yi ba. Makon jiya na kama kaina ina leƙen takalman maƙwabciyata ta saman katanga. Da na ɗaga kai, sai muka haɗa ido, ita ma nawa take leƙe.

Na durƙusa na cusa yatsa a ƙasa, na ɗago na ce mata, "Gobe."