Bindigar Kaka Ba Ta Tashi

Ranar Juma'ar farko bayan an koma lakwal, wato makarantar boko, shekarar da na shiga aji huɗu, gero ya nuna a gonakin gabas da Dakoro, kakana Malam Idi ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gida ya fito da bindigarsa. Doguwa ce, baƙa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ya ɗora ta a cinya yana shafa mata man gyaɗa da tsumma, a hankali, yadda duk mai wucewa masallaci zai gani. Can tsallaken burtali, hanyar da dabbobi ke bi zuwa rijiya, tsoho Agali shi ma yana zaune gindin aduwa yana goge tasa. Suka ɗaga wa juna hannu, kowa ya ci gaba da aikinsa.

Haka na taso na tarar. Mu manoma ne, su Agali makiyaya ne da suka sauko daga arewa suka zauna, kuma tun kafin a haife ni ake jayayya a kan inda gonarmu ta ƙare da inda burtali ya fara. Samarin gidajen biyu ba sa ga maciji da juna. Amma ba akuyar da ta taɓa kwana a gonarmu, ba kuma wanda ya taɓa jifar raƙuminsu, don kowa ya san abin da ke rataye a ɗakin tsohon ɗaya gidan. Kaka yakan ce, "Wagga aba, amfaninta a gan ta."

A makon nan aka sa ni sharar ɗakinsa. Na ɗaga tsintsiya zan kakkaɓe yanar gizo, sai bindigar ta zame daga ƙusa ta faɗo. Na toshe kunnuwa ina jiran ƙara, ban ji komai ba. Da na buɗe ido sai ga kunamarta, ɗan ƙarfen da ake ja a harba, ta yi gefe guda, ashe da zare aka ɗaure ta. Kaka ya shigo ya same ni tsaye a kanta. Bai dake ni ba. Ya tsuguna ya mayar da zaren, ya ce ta fi shekarun babana ba ta tashi ba, sannan ya kama kunnena ya ce, "Abin da kika gani shi tsaya cikin ɗakin ga."

Kwana huɗu na riƙe. Ƙawata a aji ita ce Tamo, jikar Agali, tare muke cin ƙuli-ƙuli, tare muke ƴar carafke a bayan aji har mushe, malaminmu, ya buga ƙarfe. Ran nan na same ta tana kuka, wai awakin da wanta yake kiwo sun ɗan taɓa wakenmu, tana tsoron kakana zai harbe shi. Tausayi ya kama ni. Na rantsar da ita, na raɗa mata cewa bindigar ba ta tashi. Ta share hawaye, ni kuma na koma gida ina jin na yi abin kirki.

Kafin a gama girbi maganar ta kai rijiya. Samarinsu suka fara koro dabbobi dab da gonarmu suna dariya, ɗayansu ya ce wa ƙanen babana, Baffa Sani, ya je ya ɗauko sandar tsoho ya kore su. Baffa mutum ne mai zuciya a kusa, ya rantse sai ya sayo bindiga mai tashi. Kaka ya hana, ya roƙa, ya yi fushi, duk a banza. Ran kasuwa Baffa ya ja jan bijiminmu, wanda ke jan amalanke yana kawo mana ruwa, ya sayar. Bayan mako biyu ya dawo da wata aba naɗe cikin tabarma. Wata bai cika ba muka ji ƴaƴan Agali sun sayar da taguwarsu mai nono, su ma sun sayo tasu.

Ba a harbi kowa ba, gara in faɗa tun yanzu. Amma gajiyar da ta sauka a gidajen nan biyu har yau ina jin ta a wuyana. Ruwan da bijimi ke kawowa ya koma kanmu mu ƴan mata, sawu uku kafin lakwal. Aka raba lokacin rijiya, su da safe, mu da la'asar. Aka hana ni kula Tamo, ita ma ta rame don babu nono a gidansu. Baffa ya daina zuwa ci-rani, wai kada ya bar gida ba namiji, kullum idonsa na tsallaken burtali. Kaka bai sake fitowa da buzunsa ran Juma'a ba, bai kuma taɓa tambayata ko ni na faɗa ba. Da ya dake ni da ya fi mini sauƙi.

Shekara uku aka yi a haka, sannan su Agali suka yanke shawarar komawa wajen Tagriss. Kafin su tashi, tsohon ya ƙetaro burtali da sandarsa ya zo sallama. Ni na kai musu fura, na ji da kunnena. Ya ce, "Idi, maƙerin da ya kasa gyara taka shi ya kasa gyara tawa. Na sani tun tuni." Kaka ya gyaɗa kai ya ce shi ma ya sani. Sai a lokacin na gane ashe ba junansu suke tsoratarwa ba, ƴaƴansu suke riƙewa.

Yanzu ni ke koyarwa a aji, furfura ta fara fito mini. Ina jin rediyo na maganar manyan ƙasashe masu makaman ƙare dangi, kowace ta ajiye nata don ɗayar ta ji tsoro, kowace tana ƙara wani don ɗayar ta ƙara. Masana na ta ba abin sunaye, ni kuwa sai in tuna bijiminmu da taguwarsu. Ga kuma waɗanda ke yawo a kan babura suna tare hanya, su ba sa goge bindiga don a gani a kauce, harbi suke don tsoro ya bi gari gari. Na gaji da jin labarinsu, na gaji da lissafin wace hanya ke biyuwa kafin in ziyarci dangi.

Bindigar Kaka tana ɗakina, zaren ma ya ruɓe. Ban sake ganin Tamo ba. Wani lokaci in na ɗauko ta zan goge, sai in ce da ma na bar yarinyar nan ta yi kukanta.