Wuyan Dabo da Haƙoransa

Dabo maƙwabcina ne a Illela, ɗan dako ne tun tasowarsa. Gishiri da kanwa yake ɗaukowa daga Ƙonni a ka, ya komar da gero. Mutum ne mai cin abinci kamar an aiko shi, ga dariya, ga surutu. Shekarar da Nasara suka zo shata iyaka tsakaninsu da Faransa, hakimi ya sa aka tara masu ƙarfi, Dabo na ciki. Akwatin ƙarfe aka aza masa, mai kusurwa, wanda gammo ba ya yi wa komai. Rani guda yana bin su daji suna kafa turaku. Ya ce idan nauyi ya ishe shi sai ya dantse haƙora ya ci gaba, don mai bulala na baya.

Ya dawo wuya a sandare. In ka kira shi sai ya juyo da jiki duka. Wannan bai dame mu ba, wane ɗan dako ne wuyansa ke lafiya? Abin da ya tayar da hankali bakinsa ne. Muƙamuƙi ya riƙe, da ƙyar yatsa ke shiga, in ya gwada tauna sai zafi ya harba har cikin kunne. Tuwo ya gagara. Matarsa Tasalla ta koma dama masa kunu safe da yamma, ƙaton mutum ya dinga zubewa muna kallo.

Mu kuwa duk garin nan likitoci ne. Kowa ya leƙa sai ya ce tsutsar haƙori ce. Wanzami ya yi ƙaho a kunci, aka yi turaren tsutsa, shiru. Sai aka kai shi wurin Hamidu maƙeri, aka ɓanɓare bakin da itace, ya sa awartaki ya zare haƙorin turmi ɗaya. Ciwo bai tafi ba, aka ce ai tsutsar ta koma na kusa. Haka Hamidu ya bi ta, daga dama ya koma hagu, daga ƙasa ya hau sama. Ni na gaji da jin kukan Dabo duk ranar kasuwa in an dawo da shi daga maƙera, har na riƙa barin gida. Tasalla tana ƙulle haƙoran a tsumma, ban san me take jira da su ba.

Wata ranar kasuwa wani Bafulatani mai suna Boyi, daga rugar da ke bayan Amarawa, ya biyo shan ruwa ƙofar gidan. Ya ga Dabo zaune yana riƙe da kunci, ya gaishe shi, Dabo ya juyo da kafaɗu gaba ɗaya.

Boyi ya ce, "Dattijo, mi as same ka haka?"

Tasalla ce ta amsa daga zaure. "Tsutsa ta, Baffa. Duk an ɗebe mai na ciki, ta ƙi hita."

Boyi ya sa babban yatsa a gindin ƙeyar Dabo ya danna. Dabo ya yi ƙara, ya dafe kunci, ba wuyan ba.

"Wanga ba ciwon haure na ba," in ji Boyi. "Takarkarina in kaya sunka ɓata mai wuya, bari shikai tuƙa. Ba mu taɓa bakinai. Wuya muka gyarawa."

Ba wanda ya yarda, amma an gaji, kuma babu sauran abin cirewa sai na gaba. Boyi ya nuna wa Tasalla yadda za ta yi. Ta gasa wuyan da tsumma mai ɗumi, ta murza da man shanu daga ƙeya zuwa kafaɗa. Sannan ta rataya rawani a ƙarƙashin haɓarsa ta ɗaga kan a hankali, ta saki. Shi kuma kullum da safe ya sunkuyar da haɓa, ya waiga dama, ya waiga hagu, iyakar inda zai iya. Aiki ne mai gundura. Dabo ya yi ta mita, Tasalla ta yi ta murza, hannuwanta har suka kumbura.

Wajen kaka wuyan ya fara saki. Abin mamaki, bakin ya biyo shi. Jijiyar nan da ke tsaye a kuncinsa kamar igiya ta kwanta. Wata safiya na ji ya yi hamma ta katanga, hamma sosai, Tasalla ta saki guɗa.

A makon nan aka yi suna a gidana, na yanka rago. Na zaɓi tsoka mai kyau gasasshiya na kai masa da hannuna, don na daɗe ina jin tausayinsa. Ya karɓa yana murmushi, ya buɗe baki sosai, ya jefa. Muƙamuƙin na aiki lafiya lau. Ya tura naman dama, ya tura shi hagu, ya sake dawowa da shi. Dasashi ne kawai ke haɗuwa.

Ya daɗe yana juya shi. Daga baya ya sunkuya ya fito da shi a tafin hannu, yadda na ba shi, ko alamar tauna babu. Ya dubi Tasalla.

"Tashi ki dama min kunu," ya ce.