Ranar da Na Wanke Karatun Ɗiyar Aminina

Sana'ata tufkar igiyar rama, ita na gada. Karatun boko kuwa wata huɗu na yi a ajin yaƙi da jahilci, na fito da ɗan rubutun nan mai tafiya a karkace. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya yi mamakin abin da na aikata a bakin tabkinmu, can bayan Shinkafi, a daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a.

Aminina na ƙuruciya, mutumin Gurbin Bore, Allah ya jiƙansa, ya bar ɗiya mace da ta yi nisa a karatu. Tana koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Kaura, tana kuma neman digiri na biyu a Sakkwato. Bincikenta a kan funfuna ne, irin dai wadda ke kama tuwon da ya kwana biyu, amma ita ta cikin ruwa take nema, mai cin itace da ganyen da suka nutse. Ranar da ta fara gaya mini na ce, "Ɗiyata, duk halittar Allah a duniya, ruɓa kika zaɓa?"

Ta ce, "Baba, in ba don ita ba, da tabkin nan ya cike da karmami tun zamanin kakanninku."

Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane. Ban gane komai ba, kunyar tambaya ce ta hana ni.

Ta yanka tsohon gidan sauro ta ɗinka 'yan jakunkuna, ta zuba guntayen itace da kara a ciki, kowace jaka da ɗan gwangwani mai lamba. Wuri uku ta nutsar da su: gulbin Kaura, wata fadama a ƙasar Zurmi, da tabkinmu inda nake jiƙa rama. Sai sun yi wata biyu a ruwa za ta ɗebe. Na Kaura ambaliya ta tafi da su. Na Zurmi shanu suka tattake a mashaya. Saura namu, kuma jami'a ta gaya mata wannan daminar ce ta ƙarshe, in ba ta kawo komai ba a rufe takardarta. Tabkin kuwa da an gama girbi yake ƙafewa.

Zuwa ma ya yi mata wuya. A lokacin an hana mata duka hawa babur bayan ɗan kabu-kabu, sai ta jira motar mata ta cika, daga tasha kuma ta tako da ƙafa har gefenmu. Shi ya sa ta damƙa mini amanar jakunkunan. Na yi gadinsu tsakani da Allah. Na kori masu wanki, na yi faɗa da wani makiyayi har sai da mai unguwa ya shiga tsakani.

Da wa'adi ya cika ta aiko cewa tana tafe ranar Alhamis, ranar kasuwa. Laraba da hantsi na ce bari in rage mata wahala, na shiga ruwa na jawo jakunkunan. Wari ya buge ni. Itatuwan sun yi yauƙi, wani da farin gashi-gashi, wani da baƙaƙen ɗigo. Na tsaya ina tunani: ɗiyar aminina, malama guda, ta taso tun daga Kaura da farin hijabinta, in miƙa mata wannan ƙazanta? A gidanmu ko goro za ka ba baƙo sai ka goge shi. A zatona abin da take nema yana can cikin itacen, kamar yadda gara ke shigewa, wannan na sama dauɗa ce kawai.

Na samo yashi da sabulun salo da soso. Ɗaya bayan ɗaya na dirje su har suka yi fes, na shanya a kan zana rana ta gasa su. Gwangwanayen lamba ma na kwance na wanke, na tara su wuri guda a ƙwarya. Na naɗe itatuwan a sabon ƙyalle. Wallahi ranar har da 'yar waƙata nake yi.

Ta iso bayan azahar da akwatinta a ka. Bayan gaisuwa na ɗauko ƙullin na ajiye a gabanta ina murmushi. Ta kwance. Ta ɗauki guntu ɗaya ta juya, ta sansana.

"Baba, sabulu nake ji."

"Salo ne, mai kyau. Ban yi miki ƙwauro ba."

Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. Zama ta yi a kan turmi, ta ja gefen hijabi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Mai ɗakina, wadda ta fito da furar baƙuwa, ta dube ni ta dubi itatuwan.

"Malam, mi ka yi wa yarinyar mutane?"

Da ƙyar ɗiyar ta iya bayani: yauƙin nan da gashin nan da na kankare, su ne karatun. Su ta jira wata biyu.

Mai ɗakina ta ajiye ƙwarya. "Shekara talatin ina fama ka wanke rigarka ba ka taɓa yi ba. Rana ɗaya da tsabta ta motsa maka, ga inda ka sauke ta."

Na ce a sake zuba wasu. Ɗiyar ta girgiza kai, ruwan ba zai kai wata biyu ba. Mai ɗakina kuwa ba ta gama da ni ba. "Da ramarka ka je ka tsamo da ya fi maka. Dami nawa ka bari suna ruɓewa tun farkon damina? Wanga mutum, kwana goma ake jiƙa rama, shi sai ya manta da ita har ta yi gemu."

Ɗiyar ta sauke hijabi daga fuska. "Inna, suna cikin ruwan har yanzu?"

"Suna nan, da su da itatuwan da ya danne su da su. Lalaci ya hana shi."

Muka nufi tabki mu uku. Na tuɓe riga na shiga har ƙirji, na riƙa jawo tsofaffin dammunan da na yi watsi da su, da kututturan danni. Ɗoyinsu ya fi na jiya. Ita kuwa ta durƙusa a laka da farin hijabin da na yi ta tausayi, tana taɓa su a hankali kamar jariri. Amma ta ce ba za su yi mata amfani ba sai ta san ranar da kowanne ya shiga ruwa.

Nan fa aka zo fagena. Mu masu rama kowane jiƙo da irin ƙullin da muke yi masa, don kada na yau ya gauraya da na makon jiya. Na nuna mata mai ƙulli ɗaya na ce ranar sunan jikana na sa shi. Mai ƙulli biyu, kasuwa biyu bayan nan.

"Uku," in ji mai ɗakina. "Kasuwar ta biyu kana kwance da zazzaɓi, kana ta kiran sunan uwarka."

Haka muka bi su duka, ina faɗa tana gyarawa, ɗiyar na lissafa ranakun a kalanda tana rubutawa. Na kuma gaya mata abin da na sani tun ina yaro: funfunar rama iri uku ce. Akwai fara mai laushi, ita ba ta ɓarna. Akwai mai baƙin ɗigo kamar kwalli, tana ɓata launin zare. Akwai ja-ja, wadda in ta kama dami igiyar tsinkewa take yi a hannu. Ta rubuta har da wannan, tana tambayata wacce ke fara fitowa.

Kafin rana ta yi sanyi ta buɗe akwatin ta fito da madubin nan irin na likitoci mai nuna ƙananan halittu, da ta aro a makaranta, mai ɗaukar hasken rana. Ta kankaro ɗan baƙin ɗigo, ta ɗiga ruwa, ta ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Na daɗe ina ganin gashin idona kawai. Can sai ga su: wani kamar sawun kaza, wani kamar jinjirin wata, wani mai gaɓa-gaɓa kamar rake. Abin da na shekara hamsin ina ce wa iri ɗaya, ashe gida ne mai mutane da yawa. Na yi salati. Na tuna abin da na dirje jiya.

Sau huɗu ta dawo kafin ruwa ya janye, tana kwasa a kwalabe. Malaminta ya yi gardama da farko, don ba tsarin da suka shirya ba ne, daga baya da ya ga ranakun a jere ya karɓa. Akwai guda ɗaya daga cikin ja-jan da ba su samu a littafinsu ba, suka aika wa masu irin wannan aiki a bakin teku su gwada da nasu. Ban san yadda aka ƙare da ita ba. Ita dai ta sami digirinta.

Da ta kawo mini littafin binciken da ta rubuta in gani, ta buɗe wani shafi ta ce ga inda ta gode mini. Na tambaye ta ko ta rubuta zancen sabulu. Ta ce a'a. Mai ɗakina ta ce ba komai, ita ta riga ta gaya wa duk unguwa.

Ramar shekarar ban samu ko igiyar ɗaure akuya daga cikinta ba. Itatuwan da na wanke suna nan a saman rumbu cikin ƙyallensu, tsaf da su, ko gara ta ƙi ci.