Ranar da Ƙugiya Ya Ɗauki Motar Baba

Sunansa na gaskiya yana jikin lasisinsa, amma ko matarsa Ƙugiya take ce masa in ranta ya ɓaci. Shekara goma sha tara ke nan yana kwashe motocin da suka mutu a hanya. Motar aikinsa doguwa ce mai shimfiɗaɗɗen bodi, wanda ke zamewa baya ya sunkuya har ya taɓa ƙasa, ga kuma winci a can gaba, wato injin da ke naɗe wayar ƙarfe ya jawo mota sama. Shi kansa gajere ne, ga tumbi, kuma abu biyu aka san shi da su: nawa da baki.

Nawar tasa takan sa mai haƙuri ya yi tsaki. Zai daidaita bayan motarsa da hancin matacciyar, ya sauko ya duba, ya koma ya gyara da taki ɗaya. Ya sa safar hannu ya jawo waya yana bin ta da ido ko akwai silin da ya tsinke. Ba ya maƙala ƙugiya a bamba ko a duk ƙarfen da hannu ya fara taɓawa, sai ya kwanta da tumbin nan nasa ya lalubo zoben da aka yi don ja. Giya a firi, tayoyi a miƙe, birkin hannu kuma ba a sakinsa sai waya ta ɗauki nauyi. Ya yafa wani tsohon bargo a tsakiyar wayar, don in ta tsinke ta faɗi ƙasa maimakon ta yi bulala. Sannan ya kori kowa. Ba mai tsayawa a baya, ba mai raɓar waya, ba mai zama a ciki. In sitiyari na son gyara, ya tsayar da winci ya zura hannu ta taga da kansa. A shekararsa ta farko a aikin ya ga waya ta tsinke ta fille madubin wata mota, kuma madubin nan daidai tsayin wuyan mutum yake. Tun daga ranar ba a sake yi masa gaggawa ya ji ba.

Bakin kuwa ba shi da birki. Wani mai kwat ya taɓa rantse masa cewa injinsa ne ya buga, Ƙugiya ya leƙa ma'aunin mai ya ce masa ita mota ba ta shan alkawari. Wani likita da ya ƙone kulocinsa sau uku a wata guda, ce masa ya yi motar lafiyarta ƙalau, mai ita ne ya kamata a kwantar. Mai kamfanin da yake wa aiki ya yi masa faɗa har ya gaji. Shi dai abin da ya sani shi ne bai taɓa ɗaukar mota ya yi wa mai ita ƙarya a kan ciwonta ba, kuma yana ji da wannan fiye da yadda ya kamata.

Mahaifinsa ne ya koya masa tuƙi. Baba ya shekara arba'in da ɗaya yana jan doguwar bas bai goge ko kaza ba, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi minti biyar sai ya ji wannan labari. Da ya ajiye aiki ya sayi wata 'yar shuɗiyar mota, yana wanke ta kowace safiya ko za a fita ko ba za a fita ba. Bara sai abubuwa suka fara shiga gabansa. Ginshiƙin ƙofar gida sau biyu, katangar maƙwabci sau ɗaya, kuma a kowane karo Baba ya ce magina ne ba su iya awo ba. Likitan ido ya ce ganin ba zai dawo ba, Baba ya ce likitan yaro ne. Sai watan jiya, a ƙofar wata makaranta, mai gadi ya fizge wata yarinya daga gaban motar da ƙyar. Baba ya dawo gida yana fito, bai ma san an yi ba.

Yayar Ƙugiya nas ce, irin wadda ke yi wa mutum allura yana kuka tana ba shi labari. Ita ta yanke hukunci. Ta sa bakaniken layinsu ya zare fiyus ɗaya a ɓoye, motar ta ƙi tashi, aka gaya wa Baba injin ne kuma sai babban gareji. Daga can motar za ta wuce wurin wani ɗan ƙanwar Baba da ke nesa, gyara kuma ba zai taɓa ƙarewa ba.

"Aikinka biyu ne," ta ce wa ƙanenta. "Ka ɗauka, ka yi shiru. Na san na biyun ne zai ba ka wahala."

Ta yi gaskiya. Kwana uku abinci bai yi masa daɗi ba. In Baba ya tambaye shi ciwon motar ya faɗi gaskiya, kafin la'asar tsohon ya sayo fiyus ya hau titi, kuma ba kullum ake samun mai gadi mai zafin nama ba. In kuma ya yi ƙarya, to ubansa ya yaudara ido na ganin ido, ya raba shi da abu ɗaya da ya rage masa na alfahari.

Ranar Asabar da hantsi ya iso. Baba ya riga ya wanke matacciyar tas, yana zaune a bayan sitiyari da rigar fita. Ƙugiya ya gaishe shi ya kama aiki, yana jan kowane mataki fiye da kullum don kada a samu sararin hira. Da ya gama yafa bargo ya matso taga ya ce Baba sai ya fito.

Baba ya ce ba inda za shi. Motarsa ba gawa ba ce da za a ja ta ba kowa a sitiyari, kuma wanda ya koya wa riƙe giya ba shi zai sauke shi daga kujera ba. Yaya ta fito ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kawo maganar hawan jini. Maƙwabta suka fara leƙowa, har da mai katangar, wanda ya tsaya nesa don ya san hali. Baba ko gezau. Rabin awa ana abu ɗaya.

Ƙugiya ya taɓa fitar da babban ɗan sanda daga motarsa a tsakiyar titi, amma ubansa ya gagare shi. Ya karya dokarsa ta hana zama a ciki, kuma ba daidai ya yi ba, shi ma ya sani. Abin da ya iya shi ne ya ɗaura wa Baba bel, ya sake bin wayar sili-sili, ya ajiye guntun katako kusa don tare taya, ya kori 'yan kallo har bakin kwata. Ya hau gefen bodi ta gaba da rimot ɗin winci a hannu, ya ce zai riƙa nuni da hannu, yadda Baban ya koya masa tun yana ƙarami.

Waya ta miƙe, Baba ya saki birkin hannu a daidai lokacin da ya kamata. Tayoyin gaba suka hau. Sai motar ta fara karkata dama, kaɗan-kaɗan, kamar yadda sukan yi. Ƙugiya ya nuna hagu. Baba yana kallonsa sosai, hannu biyu a sitiyari, fuska a sake, bai juya ba. Ya sake nunawa. Ya ɗaga hannun duka yana kaɗawa kamar mai korar kaji. Tayar dama ta rage yatsa uku ta bar ƙarfe. Ya saki maɓalli, ya diro ya cusa katako a bayan taya.

"Lafiya?" in ji Baba. "Ko wincin ne ya gaji?"

"Na ce hagu, Baba."

"Ban ji ba."

"Da hannu na ce."

Daga can gefe Yaya tana zare masa ido. Da ya ga dama ya ce rana ce ta haske gilashi, kuma Baba ya yi shiru daidai tsawon da za a iya faɗin hakan. Ƙugiya ya buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Sau nawa?" Baba ya tambaya.

"Uku."

"Kana ina?"

"A gabanka, Baba. Taku huɗu."

Tsohon ya sauke hannuwansa daga sitiyari ya ɗora a gwiwa. Tausayi ya kama Ƙugiya har ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya kafa shi a kan bargo. Can Baba ya mayar da hannuwansa inda suke ya ce, to a yi da baki.

Da baki aka yi. Ƙugiya ya cire katako ya sassauta waya motar ta ɗan koma, sannan ya tsaya gefen taga yana bin ta a hankali: hagu kaɗan, ya isa, riƙe nan. Da kunne kaɗai Baba ya ajiye motar a tsakiyar bodi cif, ba ta fi kusa da wani gefe ba ko da yatsa, ya ja birkin hannu ya sa giya. Mai katanga har ya fara tafi, Yaya ta harare shi ya bari.

Saukowa daga karkataccen ƙarfe ba wasa ba ne ga mai shekara saba'in da shida. Baba ya dafa kafaɗar ɗansa da ƙarfi, suka gangaro taku-taku. Ƙugiya ya koma ya ɗaure tayoyi huɗu da bel huɗu, ya ƙara sarƙa ta baya, domin winci na ja ne, ba na riƙo ba. Baba ya bi bel ɗin yana jijjiga wanda hannunsa ya kai, ya ce na bayan nan sako-sako ne. Ƙugiya ya duba a fusace, ya tarar gaskiya ne, ya ƙara tamke shi.

Da bodi ya koma mazauninsa, Baba ya laluba aljihu ya fito da makulli na biyu, wanda kowa ya ɗauka ya ɓace tun shekara uku, ya damƙa masa.

"Ka ce wa yayarka fiyus ɗin fanfon mai ne, ta sa a mayar, na ji shirunsa tun ranar farko," ya ce. "Wanda za ku ba kuma, a gaya masa giya ta uku sai da lallashi. Kada ya danna mata."

Ya juya ya shiga gida, bai tsaya ganin tafiyarta ba.

Ƙugiya ya ja mota a hankali har ya sha kwana biyu, sannan ya faka ya sauko duba ɗauri, yadda ake yi bayan an ɗan taɓa tafiya. Bel huɗu suna nan daram, sarƙa ma haka. Ya tsuguna a gindin taya ya yi kuka sosai, masu wucewa suna rage gudu suna tambayarsa ko shi ma a kira masa mai ja.