Ranar da Inna Mai Bokiti Ta Sa Sakata

Yara ne suka raɗa mata Inna Mai Bokiti, malamai suka kama, don babu wanda ya taɓa damuwa da sunanta na yanka. Aikinta a firamaren shi ne duk abin da mai riƙe alli yake ƙyama: majina, amai, wandon da ya jiƙe. A kansa ta yi furfura. Bakinta kuwa babu linzami. "Kai ɗan nema, wannan fitsarin naka ne kai kaɗai, ko taya ka aka yi?" Sai yaro ya fashe da dariya, ya manta da kuka.

A aji uku akwai wata yarinya mai zuwa a keken guragu, Inna na ce mata 'yar gidana. Sauran makarantu sun ƙi ta saboda maganar banɗaki. Nan ma albarkacin Inna take zaune a aji.

Dokar aikin a fili take: ba a wanke yaro sai manya biyu na wurin, kuma ba a sa wa ƙofa sakata. Abokiyar aikinta, Doguwa, ita ke tsayawa riƙe da tawul.

Ran nan, ana dab da tashi, cikin yarinyar ya ɓaci a aji. Yara suka toshe hanci suna ihu. Doguwa kuwa shugabar makaranta ta aike ta ta jera wa baƙi kujeru.

"Ki jira ta dawo," malamin ajin ya ce wa Inna, daga bakin taga inda ya je shan iska.

"Malam, kai za ka iya zama a cikinsa har ta dawo?"

Ta tura keken zuwa banɗaki. Yara suka biyo su suna leƙe. Ta kora, suka dawo.

"Inna, don Allah ki rufe, kallona suke yi."

Ta rufe, ta sa sakata.

Ashe zaman keke ya ci wa yarinyar fata har ya zama gyambo. Ruwan sabulu na taɓa wurin ta ƙwalla ƙara: "Wayyo Inna, bari! Da zafi!"

Kawunta, ƙanin uwarta, ya zo ɗaukarta ke nan. Ya ji ihu, ya ga ƙofa a kulle. Bai buga ba, bai tambaya ba. Ya sa kafaɗa, sakatar ta fita da ƙusoshinta.

"Me kike mata, tsohuwar banza?"

Kafin ta buɗe baki ya ɗauke ta da mari, kanta ya bugu da bango. Ya zare bel. Iyayen da ke jiran 'ya'yansu a waje suka kwararo, wata da ba ta ga komai ba tana faɗin, "An kama ta! An kama ta!" Wani ƙato har ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, yarinya kuwa babu sutura.

Wayar nan Inna ta gani. Ta fizge mayafinta ta lulluɓe yarinyar, ta kife a kanta. Bayanta ya zama na kowa. Ƙarfen bel ya tsaga mata kafaɗa. Aka karya sandar tsintsiya a gadon bayanta. Wata mata da Inna ta sha wanke wa ɗa ta ɗauki bokitin ta kwaɗa mata a ƙeya, bakinta ya daki hannun keken, haƙori ya fita. Yarinyar na ƙarƙashinta tana kururuwa, "Wanke ni take yi! Kawu, wanke ni take yi!" Wa zai ji? Sai da maigadi ya shigo da kulki suka watse.

A asibiti aka duba yarinyar, aka ce gyambo ne kawai. Kawu ya sosa ƙeya ya ce zuciya ce, a yi haƙuri. Shi ke nan, nasa ya wuce.

Inna kuwa aka kira ta ofis, leɓe a kumbure.

"Kin san doka," in ji shugabar. "Ke kaɗai, kuma da sakata."

"Ranki ya daɗe, wa ya aiki Doguwa?"

"Ba wannan muke magana ba."

Aka sallame ta. Doguwa ta rantse ba ta ƙara taɓa ɗan kowa, ko majina ce. Sai aka ce wa uwar yarinyar ta riƙe ta a gida kafin a samo wata. Har yau ana samowa.

Yanzu wanki da guga Inna take yi a gidajen mutane, hannun hagu ba ya ɗaguwa sosai. Hanyarta ta bi ta layin su yarinyar. Da hantsi, lokacin da ya kamata tana aji, yarinyar na ƙofar gida a kekenta tana kallon masu wucewa.

"Inna! Inna, ɗankwalina ya faɗi, zo ki ɗaura min."

Inna ta tsaya. Ɗankwalin na nan a ƙasa kusa da taya. Ta dubi mazan da ke zaune a benci, duk sun zuba mata ido. Ta mayar da hannayenta baya.

"Kira mamanki, 'yar gidana," ta ce, ta gyara ƙunshin wankin a kanta ta wuce.