Gayya a Al Warsan

A ɗakin da muke haya a unguwar Al Muraƙƙabat ta Dubai, ni kaɗai ne tashin ƙauye. Sauran 'yan birnin Kano ne, kuma akwai wani ɗan gayu a cikinsu da bai taɓa kirana da sunana ba, sai "na ƙauye". Ina jin zafin abin, amma nakan yi dariya in wuce.

Akwai wani dattijo ɗan Nijar da muke kira Baba, mai sayen takalma da atamfa yana aikawa gida. Ana saura kwanaki jirgin ruwa ya tashi, ciwon baya ya kwantar da shi. Kayansa na jibge a sito a Al Warsan, lebura kuwa duk manyan 'yan kasuwa sun riga sun kwashe. In kwantena ta rasa wannan jirgi, sai bayan Sallah kayan za su isa, kuma wa zai sayi takalmin Sallah bayan Sallah?

Na ce a kira gayya. A garinmu in manomi ya kwanta damina ta kama, ba a barin gonarsa. A bi gida-gida a faɗa, a taru a nome, shi kuwa ya ciyar. Ɗan gayu ya kwashe da dariya.

"Na ƙauye, nan Dubai ce fa, habibi. Kowa salary yake bi."

Na sayi goro, na bi ɗakunan 'yan Nijar da na mutanen karkararmu, ina gaisuwa har ƙasa kafin in faɗi abin da ya kawo ni. Wani direba ɗan Nijar ya karɓi goron ya ce, "D'accord, ɗan'uwa. Gayya ce? Halas, shi ke nan, muna tafe."

Ranar hutu da safe suka cika ƙofar siton. Muka yi layi kamar a kunyar gona, kwali na bin hannu zuwa hannu, wani na ba da waƙa ana amsawa. Matar wani ta aiko da furar da ta yi da geronta na tsaraba. Wallahi ƙirjina ya cika da alfahari, har na rasa inda zan sa kaina.

Ɗan gayu ya zo da farar shadda zai ɗauki hoto. Direban nan ya ɗora masa kwali a ka ya ce, "Yalla, ba a kallo a gayya." Ya yi ta ɗauka har shaddar ta koma ruwan ƙasa. Kafin la'asar aka rufe kwantena, Baba na zaune a kujera yana share hawaye.

Da ɗan gayu zai tashi daga ɗakinmu bayan Sallah, ga kaya ba mai taya shi ɗauka, sai ya same ni yana sosa ƙeya, ya kira ni da sunana.

"Don Allah, yaya ake kiran gayyar nan?"

Na ce, "Sayi goro kawai. Ka je ta Baba, za a zo taka."