Ranar da Kwamfutata Ta Goge Tsagen Amarya

Shagona na unguwar Moduganari bai fi ɗakin girki girma ba. A nan nake gyara bidiyon biki da na mawaƙan cocinmu. Wata rana wani dattijo daga cikin tsohon garin Yerwa ya sauko daga keke, ya miƙo min filashin kwamfuta. Tsohon fim ne na bikin aurensa, ɗansa ya kai aka juya masa. Matar ta rasu tuntuni, ko hoton kati ba ta bari ba, jikokinta ba su san fuskarta ba. Ranar Juma'a za su taru a gidansa su gan ta.

"Ɗana, wanke min shi," ya ce.

Fim ɗin kuwa, wayyo! Ɗige-ɗigen ƙura ko'ina, ga layukan karce suna zubowa kamar ruwan indararo. Lokacin ban daɗe da samun manhajar gyaran launi mai share ƙura da karce da kanta ba, sai rawar kai nake. Na ƙure mata ƙarfi, na sa renda, wato kwamfuta ta haɗa gyaran ta fitar da sabon fim. Ana tsaka da yi aka ɗauke wuta. Na yi tsaki, na tayar da janareta, na sake daga farko.

Ranar Alhamis Baba ya dawo. Na kunna masa, na harɗe hannu ina jiran yabo. Fes! Ga amarya cikin lafaya, fuska sumul kamar ƙwai.

Ya gyara tabarau. "Wannan 'yar gidan waye?"

"Haba Baba, amaryarka ce."

"Ni na auri wannan? Kai, yaro, matar wani ka ɗauko min!"

Sai a nan na lura. Tsagen Kanuri a tsaye yake, karcen fim ma a tsaye yake. Wanda ya ƙirƙiro manhajar nan, na rantse bai taɓa taka Kasuwar Litinin ta Yerwa ba. Duk ta share, har kawunnan amarya ta mayar da su baƙi a bikinsu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ce ya ba ni mako guda in bi fuskar da hannu.

"Jikokina gobe za su zo. Mayar da komai yadda yake."

"Baba, ƙurar ma za ta dawo fa."

"To, sai me? Ai cikin ƙurar na auro ta."

Allah ya so manhajar ba ta taɓa na asali. Na soke gyaran, na sake sa renda, shi kuma ya zauna yana hararar kwamfutar kamar ɓarauniya. Ƙura ta dawo, karce ya dawo. Amarya ta ɗago kai, ga tsagenta raɗam a kumatu.

Baba ya matso da kujera har gwiwarsa ta bugi tebur.

"Wushe," ya ce mata a hankali, yadda ake gaida wanda ya dawo daga tafiya.

Na ce masa bari in duba janareta. Lafiyar janareta ƙalau.